Shuɗin hasken da ya kori shawara

Kwana uku da haihuwar ɗan ƙanwata a nan Maraɗi, muka ga fararen idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce. A asibiti aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, daga shi sai kunzugu, an rufe masa idanu. Inna ta dafa kafaɗata ta ce: "Ɗan nan, gasa shi za su yi?" Na ce: "A'a Inna, ba zafin ake nema ba, hasken ne maganin."

Abin da ke rina jikin jaririn sinadari ne mai suna bilirubin, wanda ke samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka fashe. Ba ya narkewa cikin ruwa, sai hanta ta sarrafa shi kafin ya fita, hantar jariri kuwa ba ta yi ƙwari ba tukuna, kuma idan ya taru ya yi yawa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 460 (ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi) yana ratsa fata, ƙwayar bilirubin ta zuƙe shi, sai ta murɗe ta sake siffa, ta zama mai narkewa, ta bi fitsari da kashi ta fice. Ba a ƙara mata komai ba, murɗa ta kawai aka yi, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki.

Wata ma'aikaciyar jinya a Ingila, Jean Ward, ta lura da haka a 1956, lokacin da ta ga jikin wani bakwaini da ta fitar rana ya washe, in ban da wurin da zane ya rufe. Amma kada wannan ya sa a shanya jariri a ranar Maraɗi, domin tana tafe da zafi da haskoki masu ƙona fata.

Irin wannan murɗawa ce ke faruwa a idon mai karanta wannan rubutu. Akwai ƙwaya mai suna retinal, wadda jiki ke yi daga bitamin A, tana zaune a lanƙwashe. Da haske ya taɓa ta sai ta miƙe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Ƙarancin bitamin ɗin ne ke kawo dundumi, shi ya sa ake ba mai dundumi hanta ya ci, domin tana ɗauke da bitamin ɗin da yawa.

Bayan kwana biyu aka sallame su. Ranar suna Inna ta ɗauke shi ta nufi bakin ƙofa, ta daɗe tana duban fararen idanunsa.