Aikin da ke zuwa da ranar ƙarewarsa

Duk wanda ya yi aiki da ƙungiyar agaji a Maiduguri ya san takardar ɗaukar aiki da ranar sallama a jikinta take zuwa. Wata shida, wata tara, in an yi sa'a shekara guda, a ƙasa kuma a rubuta cewa sabuntawa sai in masu ba da tallafi sun sake sakin kuɗi. A gida ba wanda ya san da wannan layin. Da an gan ka a farar mota mai tambari, shi ke nan, ka shiga sahun masu cin dala, kuɗin makarantar ƙanne da na maganin Gwaggo duk sun dawo wuyanka.

Bayan bautar ƙasa na shiga harkar, a matsayin mai tattara bayanai, ana biya na kuɗin yini. A ba ka waya mai manhajar KoboToolbox, ka bi tanti-tanti a sansanin 'yan gudun hijira kana tambaya: mutum nawa ne a gidan, sau nawa aka ɗora tukunya jiya. Digirina bai taka rawar komai ba wajen riƙe ni. Barbarcin da na tsinta a bakin kakata ne ya yi mini rana, domin tsohuwar da ta gudo daga Bama ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba.

Sai dai mai tattara bayanai, kamar ɗan dako yake: ya kai kaya, a sallame shi. Na lura wanda ke zaune a ofis yana tace bayanan da muka kawo, shi ake sabunta wa kwantiragi. Don haka na liƙe masa. In an tashi aiki na zauna kusa da shi ina kallon yadda yake sarrafa Excel, yadda yake gano wanda ya zauna a inuwa ya cike fom da ka. Ba wanda ya tura ni bita. Bita ta Abuja, mai otal da alawus, ta manya ce, kuma sau da yawa wanda ya je ba shi ne zai yi aikin ba. Da gurbi ya samu a sashen bibiya da tantance ayyuka, ni kaɗai a cikin yaran fili na iya haɗa rahoto daga farko har ƙarshe.

A wannan kujerar na fara ganin kasafin kuɗi da idona, na kuma gane inda matsalar take. A taron ƙoli na duniya kan ayyukan jin ƙai da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida, kai tsaye gwargwadon iko. Ba a cika ba. Ƙaramar ƙungiya irin tamu ita ke shiga Dikwa da Monguno, amma ta hannun babba take karɓa, kuma abin da ake bar mata na gudanar da ofis bai isa ta riƙe ma'aikaci tsakanin ƙarewar wannan aiki da farawar wancan ba. Ba muguntar oga ba ce kullum, ko da yake akwai masu fakewa da hakan.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Cikin 'yan kwanaki saƙon a tsayar da aiki ya iso. A watan Maris sakataren harkokin wajen Amurka Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumar Amurka mai ba da tallafi ga ƙasashen waje. A ofishinmu ba a duba wa ya fi ƙwazo ba. An buɗe takardar albashi ne aka duba wane tallafi ke biyan wa. Wanda albashinsa kacokan daga Amurka yake, ya tafi, ko da shi ne ya kwana cikin ruwa lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024. Nawa albashin an raba shi ne tsakanin ayyuka biyu, ɗaya na Turai, sai aka rage ni zuwa rabi aka bar ni.

Yanzu in ƙani ya zo mini da takardar ɗaukar aiki yana murna, ina taya shi, sannan na ce ya koma ya yi tambaya. Wane tallafi ne ke biyan wannan kujerar, kuma yaushe zai ƙare? Ana zuba fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, amma in an rubuta ka a matsayin ɗan sa-kai ko mai ba da shawara, ba ka ciki. Matasa na jin nauyin tambayar nan, wai kada a ce sun zo don kuɗi, alhali mai gidan haya ba ya karɓar lada. Ina kuma ce masa ya nemi a sa shi cikin masu rubuta takardar neman tallafi, ko da gyaran jadawali ne kawai za a ba shi, saboda a ɗakin nan ake yanke kujerun da za su wanzu baɗi.