Ɗan da hankaka ke ciyarwa a bayan gidanmu

Yau Asabar, bayan sallar asuba ban koma barci ba saboda hayaniyar hankaki a kan giginyar bayan gida. Na fita in duba sai na ga hankaka biyu suna ta kai abinci bakin wani tsuntsu da ko kama da su bai yi ba, wutsiya doguwa, ciki fari-fari kamar madara, bayansa duk ɗigo-ɗigon fari, kai baƙi, gefen fiffike kuma ja-ja, sai buɗe baki yake yana tsuwa su kuma suna ta ɗura masa.

Kawu Sale yana kan tabarma da carbinsa ya ce ragon maza ne. Nace Kawu ku dai ƙara dubawa, ragon maza ai fiffikensa ja ne gaba ɗaya babu ɗigo, kuma shi da kansa yake gina sheƙarsa cikin duhuwa ya rene ƴaƴansa.

Na ɗau hoto da waya na shiga intanet, sai kusan azahar na gano shi. Jinsin tsuntsun nan ne da Turawa ke ce wa kuku (cuckoo), masana na kiransa Clamator glandarius, tsawonsa na kai santimita 35 zuwa 40, babban yana da tukku ruwan toka, baƙin kan nan na yaro ne. Baya gina sheƙa sam. Macen sai ta faki idon hankaka ta saka ƙwanta a cikin nasa ta yi gaba, kuma da yake ƙwan nata kan riga ƙyanƙyashewa ɗanta ne ke cinye yawancin abincin. Amma baya turo ƙwayayen masu gida ƙasa kamar kukun Turai, tare suke tashi in ƴan hankakan sun jure. Akwai shi a Sifaniya da Fotugal da Turkiyya da nan Afirka kudu da Sahara, yana son fili mai bishiyoyi jefi-jefi irin namu, gizaka ce babban abincinsa.

Abin ya tsaya min a rai wallahi. Tun muna yara muke jin hankaka mai da ɗan wani naka, ana mana bayani kamar ɓarawon ƴaƴa ne, ashe shi ake kawo wa ɗan har gida ya yi ta wahala.

Da na faɗa wa Kawu ya yi shiru can ya ce ikon Allah. Da la'asar na hana su Abba zuwa wajen da danƙo. Har magariba hankakan na nan suna kai masa abinci.