Filtar iskar mota a lokacin hunturu, ka canja da kanka

Jama'a in hunturu ya kama a Katsina kowa ya san ƙurar da muke sha, ka wanke mota da safe kafin la'asar ta koma ja. To ƙurar nan da kake gani a kan gilashi ita ce dai injin yake zuƙa, kuma ba kaɗan ba, don lita ɗaya ta fetur sai ta ci iska kusan lita 10,000 kafin ta ƙone. Ba abin da ke tsakanin yashin da cikin injin sai 'yar takardar nan mai ninki-ninki, filtar iska.

Abin da ke damuna wallahi shi ne yadda muke yi da ita. Mutum zai je wurin mai faci ya ce a hure mashi ita da kwamfaresa, ƙura ta tashi, kowa ya ga ta yi fari ya ji daɗi. Iskar kwamfaresa tana da ƙarfi, tana buɗe ƙofofin takardar har ta yi 'yan hujoji da ido ba ya gani, daga nan yashi ya samu hanya ya shiga silinda yana cin ringi a hankali kamar sanfefa, wata rana sai ka ga mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi kana neman kuɗin sauke inji. Wasu kuma wankewa suke da ruwa da omo, ita kuwa ta takarda in ta jiƙe ta gama aiki. Akwai ma masu cire ta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara gudu, dan Allah a daina.

Canjawar ba ta kai a kira bakanike ba. Ka kashe mota ka zare makulli, ka ɗaga bonet, za ka ga wani baƙin akwatin roba da ƙaton tiyo ya fito daga jikinshi ya nufi injin. A Corolla da Camry yawanci 'yan kilif ne na ƙarfe, da yatsa ake ɓalle su, wasu motocin kuma sai ka sa sukundireba ko ƙaramar sifana. Ka ɗaga murfin a hankali saboda akwai wayar sensa a jikin tiyon, kar ka fizge ta. Kafin ka zaro tsohuwar ka lura da yadda take zaune, ka ɗauki hoto da waya ma ya fi.

Sai ka ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratsa ninkin ba, ko ka ga ta yage ko robar gefen ta ƙage, ta tashi aiki. Ƙasan akwatin za ka tarar da yashi da ganyen bedi, ka goge da tsumma mai ɗan danshi amma ka toshe bakin tiyon da wani tsumma tukuna kar wani abu ya faɗa ciki, ka kuma tabbatar ka cire tsumman bayan ka gama. Ka zaunar da sabuwar, robar gefen ta kwanta daidai ta ko'ina, in murfin ya ƙi rufuwa kar ka danne da ƙarfi, ba ta zauna ba ne.

Wurin saye nan ne ake cutar mutane. Ka tafi da tsohuwar wurin masu sifiya ku gwada su gefe da gefe, tsawo da faɗi da kauri. Mai arha sosai za ka ji takardar sakwaf, ninkin ma kaɗan ne, ni gara in ƙara kuɗi.

Littafin mota yakan ce a canja tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, amma shi ma ya ce a wuri mai ƙura a riƙa dubawa da wuri. Mai bin hanyar Daura ko Jibiya, balle mai shiga ƙauyuka ta burji, ya duba duk lokacin da ya juye baƙin mai. Tsofaffin motoci masu kafireto in ta toshe mai suke sha, masu injekta kuma ƙarfi ne ke raguwa, ka taka totur mota tana nauyi. Filtar AC daban ce, ita yawanci tana cikin mota bayan akwatin gaban fasinja.