Horar da ma'aikatan kicin kan gobara a Makka

Aikina horar da ma'aikatan kicin a otal-otal na Makka, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne Hausawa. Hukumar Difa'ul Madani, mai kula da kashe gobara a Saudiyya, ba ta wasa da kayan kashe gobara wajen ba da lasisi. Abin da ke damuna shi ne ma'aikacin da ya sa hannu a takarda cewa ya samu horo, alhali da Larabci ko Turanci aka yi bayanin, kuma bai taɓa ɗaga ɗaffaya, wato tukunyar kashe gobara, ba. Shi ya sa nake yi da Hausa, kuma kowa sai ya fesa da hannunsa.

Ka zare fil ɗin ɗaffayar, ka tsaya kamar mita 2 daga wutar, ƙofar fita na bayanka. Sai ka nufi gindin wutar, ka matse hannun ɗaffayar, kana kaɗawa hagu da dama. Sabon hannu harshen wuta yake bi, ita kuwa ɗaffayar hoda mai kilo 6 cikin kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 take ƙarewa. Duk wata nake sa su duba allurarta mai nuna ƙarfin iskar ciki, ta kasance a kan kore. Ɗaffaya mai iskar CO2 ba ta da allura, awon nauyi ake mata, kuma bakinta kan yi sanyin da ke ƙona tafin hannu.

A kan man suya na fi daɗewa, domin hannu da kansa yake kaiwa ga ruwa. Ruwan kan nutse ƙarƙashin man, nan take ya zama tururi, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya watso mai da wuta har rufi. A kashe gas, a rufe da murfi ko bargon wuta, kada a ɗaga sai ya huce, don yana shaƙar iska zai sake kamawa.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In an ji wari a rufe kan tukunyar gas ɗin, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki. Gobarar Mina ta 1997, wadda aka danganta da tukunyar gas kuma ta ci alhazai sama da 300, nake tuna musu.

Wutar da ta fi ƙarfin ɗaffaya ɗaya ba taka ba ce. A danna ƙararrawa, a kira 998, lambar Difa'ul Madani, a sauka ta matakala ban da lif, a ƙirga mutane da takardar sunayen masu aikin ranar.