Bashin da manhajata ta haɗiye

Ƙannena masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, sai na fara ba ku labarin shagon kawuna kafin in zo kan shawara, domin a can na koyi abin da zan faɗa.

Kawuna ɗan sari ne a babbar kasuwar Maradi: shinkafa, sukari, man girki, taliya, sabulu. Masu ƙananan shaguna daga Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji sukan ɗauki kaya bashi, su biya idan sun juya. Duk a kaye, wato littafin bashi, ake rubutawa. Da na fara iya Python, wani harshen rubuta manhaja, sai na ce masa zan gina abin da zai hutar da shi daga kayen nan. Na yi tagogi da Tkinter, kayan gina taga na Python, na ajiye bayanai a rumbun bayanai mai suna SQLite, na gwada a kwamfutata da sunaye irin su Ali da Musa, komai ya tafi sumul. Na kai shago, na nuna wa yaron shago yadda ake shigar da suna da kuɗi, na koma gida.

Bayan kamar wata uku wani mutum ya zo biyan jika 85. Aka nemi sunansa a manhaja, babu shi. Mutumin ne da bakinsa ya faɗi abin da ake bin sa, don mai tsoron Allah ne. Kawu ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Ɗana, wannan ya zo da ƙafarsa. Waɗanda ba su zo ba fa, su nawa ne?" Na ce: "Kawu, ku ba ni daren yau." Har yanzu idan na tuna tambayar nan sai gabana ya faɗi, domin haƙƙin mutane ne da amanar gida na saka cikin haɗari.

Ga abin da ya faru. Sunan mutumin yana da ƴar alamar nan da ke cikin Sa'adu da Rabi'u da Mas'udu. A harshen SQL, wanda da shi ake ba rumbun bayanai umarni, da wannan alamar ake buɗe rubutu, da ita kuma ake rufe shi. Ni kuwa na haɗa umarnin da hannu, na manna sunan a tsakiyar jimla. Rumbun bayanai ya karanta "Sa", ya ga alama, ya ɗauka suna ya ƙare, sai ya tarar da "adu" a gabansa bai san me zai yi da shi ba, ya ƙi karɓar umarnin gaba ɗaya. Gyaran layi ɗaya ne: a saka alamar tambaya a gurbin sunan, a miƙa sunan daban, rumbun ya san cewa wannan bayani ne, kada ya karanta shi kamar umarni. Wannan gyaran ne kuma ke toshe ƙofar da ɓarayin intanet ke bi su cusa umarninsu ta gurbin rubuta suna. Ku saba da shi tun daga manhajarku ta farko.

Amma alamar ba ita ce babban laifina ba. SQLite ta yi ihu, ta ce ba ta karɓa ba. Ni ne na toshe mata baki. Lokacin da nake gini, jajayen saƙonnin kuskure sun dame ni, sai na kewaye wurin adanawa da try da except, na rubuta pass a ƙarƙashi, wato duk abin da ya faru a yi shiru a wuce. A layi na gaba kuma na sa taga ta fito ta ce "An adana". Saboda haka duk mai irin wannan suna da ya ɗauki kaya, yaron shago ya ga "An adana", ya sallame shi, alhali babu abin da ya shiga. Da manhajar faɗuwa ta yi a ranar farko, da a ranar na gyara. Manhajar da ta faɗi kunya kawai take ba mai ita, amma wadda ta yi ƙarya dukiya take ci.

Don haka kada ku taɓa haɗiye kuskure. Ku kama irin kuskuren da kuka san abin yi da shi kaɗai, sauran ku bar shi ya fito fili. Ku gaya wa mai amfani da Hausar da zai gane: "Ba a adana ba, kada a ba da kaya, a kira wane." Sannan ku sa manhajar ta riƙa rubuta kowane kuskure a wani fayil, da kwanan wata da lokaci. Python tana da kayan wannan aikin mai suna logging a cikinta, ba sai an sauko da komai ba. Wannan ya ƙara muhimmanci idan kun dunƙule manhajar yadda baƙin allon umarni ba ya fitowa, domin a nan saƙon kuskure ba shi da inda zai bayyana, ɓacewa yake yi. Kuma idan saƙon ya zo, ku karanta shi. Na Python daga ƙasa ake fara karanta shi: layin ƙarshe ya faɗi irin kuskuren, na samansa su nuna fayil da lambar layi. Na ga ɗalibai da yawa suna rufe saƙon da sauri kamar abin kunya, alhali shi ke ɗauke da rabin amsar.

Abin da ya cece mu shi ne kawu bai taɓa barin kaye ba. Ashe tun ranar farko ya ce wa yaron ya ci gaba da rubutawa a duka biyun. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Dare biyu muka yi da yaron muna bin kaye layi layi har muka mayar da kowane bashi gurbinsa. In kun gina wa wani manhaja, ku da kanku ku roƙe shi ya riƙe tsohuwar hanyarsa na ƴan watanni, a riƙa gwama lissafin biyu.

Bayan wannan ne idona ya buɗe cewa littattafan da muke koyo da su ba a rubuta su da sunayenmu da kwamfutocinmu a zuci ba. Ɗauki haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Idan ka buɗe fayil a Python a kan Windows ba ka faɗi tsarin haruffa ba, a irin kwamfutocinmu ta saba ɗaukar tsohon tsarin Yammacin Turai mai lamba 1252. Wannan tsarin ya san haruffan Faransanci, bai san ɗ ba. Ka rubuta Ɗan Isa, manhaja ta tsaya. Magani shi ne ka faɗi tsarin haruffa na UTF-8 da bakinka duk lokacin da ka buɗe fayil, wajen karantawa da wajen rubutawa. Tsarin nan tun 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro shi, kuma yana ɗaukar bokonmu da ajaminmu duka. Akwai wani tarko a wajen nema: LIKE, umarnin neman rubutu na SQLite, yana ɗaukar babban harafi da ƙarami abu ɗaya a haruffan Turanci kawai, don haka "ɗan" ba zai nemo maka "Ɗan" ba. Ƙara da cewa mutum ɗaya yau a rubuta shi Usman, gobe wanda ya yi lakwal ya rubuta Ousmane. A ƙarshe dai na ba kowane abokin ciniki lambarsa, ana nemo shi da lambar waya, suna ya zama abin tabbatarwa.

Sai batun waƙafi. Yaron da ya yi karatun Faransanci zai rubuta 12,5 ne, Python kuwa 12.5 ta sani. Dubbai ma da tazara yake raba su, 85 000. Duk abin da aka rubuta a gurbin shigarwa rubutu ne, sai ka share tazarar, ka mayar da waƙafi ɗigo, ka duba ko lamba ce, kafin ka yi lissafi da shi. Haka Excel na Faransanci yake jiran waƙafi mai ɗigo tsakanin ginshiƙai, in ka ba shi waƙafi zalla sai ya cusa komai a ginshiƙi ɗaya.

Kuɗi kuwa ku ajiye su da cikakkiyar lamba. Ku buɗe Python yanzu ku haɗa 0.1 da 0.2, za ku ga 0.30000000000000004, saboda kwamfuta da biyu-biyu take ƙirga, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa daidai a wannan ƙirgar. Mu Allah ya sauƙaƙa mana, sefa ba ta da ƴan canjin da ake kasuwa da su ƙasa da tamma. Amma ku yanke hukunci tun farko: sefa kuke ajiyewa ko dala? A kasuwa in an ce dala 20, sefa 100 ake nufi, kuma yaron shago abin da ya ji zai rubuta. Ku rubuta a jikin gurbin abin da ake jira. Idan kuma cinikin ya haɗa da naira, kamar yadda ya saba a garin da kaya ke shiga da fita ta Ɗan Isa da Jibiya, ku adana canjin ranar tare da cinikin, kada lissafin bara ya sauya don canjin yau ya motsa.

Wani abin da ya wahalar da ni shi ne sandarewar taga. Manhaja mai taga tana da madauki guda da ke zagayawa yana sauraron dannawa, yana sake zana allo. Idan aka danna maɓalli, aikin da ka rataya masa a cikin wannan madaukin yake gudana, kuma kafin ya ƙare babu mai sauraro. Aikin ya wuce daƙiƙa 5, sai Windows ta dusashe tagar ta ce ba ta amsawa. Abin da mutum yake yi a nan sananne ne: ya danna, ya sake dannawa. Dannawar nan ba ta ɓacewa, layi take bi, tana jiran a saurare ta, sai ka ga an buga takardar ciniki sau uku. Aiki mai tsawo a ba wa zare na biyu, wato wani layin aiki da ke gudana a gefen madaukin, a kashe maɓallin har ya gama. Sharaɗi ɗaya: zare na biyu kada ya taɓa tagar da kansa. Ya ajiye sakamako a layin jira, babban zaren ya riƙa leƙawa da umarnin after na Tkinter yana ɗauka.

Wuta kuwa kun san halinta a watannin zafi. Kwamfutar shago ta tebur ce, ba ta da batir. Idan ka buɗe fayil don rubutawa, nan take ake share abin da ke ciki, wuta ta ɗauke a wannan ƙiftawar sai ka tarar da fayil fanko. Na taɓa rasa jerin farashi ta haka. Yanzu a sabon fayil nake rubutawa, in na gama in maye gurbin tsohon da shi a taki ɗaya. SQLite, wadda Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, an gina ta da tunanin irin wannan yankewar, amma sai ka taimake ta: rage buhu daga sito da rubuta bashi su kasance cikin ɗauri guda, ko su shiga tare ko kada ɗaya ya shiga, kuma kada ka manta da commit, umarnin da ke tabbatar da adanawar. Kowace yamma a rufe manhajar, a kwafi rumbun a kile na USB, a tafi da kilen gida.

Ƙananan abubuwa da ke hana manhaja tashi a kwamfutar wani ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka rubuta hanyar fayil mai ɗauke da sunanka. Kada ka ajiye bayanai a Program Files, domin tun Windows Vista ba a barin manhaja ta yi rubutu a can ba izini, AppData ne wurinsu. Kwamfutocin hannu da yawa a shagunanmu suna kan Windows 7, kuma Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke tashi a kanta, don haka ka duba kwamfutar shago kafin ka zaɓi abin gini. Wadda aka dunƙule a kan tsarin bit 64 ba za ta tashi a kan Windows mai bit 32 ba. Ka kuma koyi Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyarenka, ko umarni huɗu ne, don ranar da gyara ya ɓata abin da ke aiki jiya ka iya komawa.

Yanzu kafin in miƙa kowace manhaja, ina da takarda guda da nake bi. Nakan shigar da Sa'adu, da Ɗanladi, da Ƴar Baba. Nakan bar gurbi fanko in danna adanawa. Nakan rubuta 12,5, in rubuta harafi a wurin kuɗi, in danna maɓalli sau biyar a jere, in zare wayar wuta ana tsakiyar aiki a kan kwafin gwaji. Daga nan in tafi shagon, in nemi benci a gefe, in bar yaron shago ya yi ciniki yini guda hannuna bai taɓa kwamfutar ba. Da la'asar mu ɗauko kaye, shi yana karantawa ni ina duba allo, har sai jimillar biyu ta zo daidai.