Aikin da Ake Yi Kafin a Buɗe Zauren Nuni

Ƙaramin kamfanina yana shirya wa gidajen tarihi nune-nunen zane-zane da kayan sana'ar hannu, kuma mafi yawan wahalarmu takan ƙare ne tun baƙon farko bai shigo ba. Da ni da mai kula da kayan gidan mukan fara tsayar da abin da muke son mai kallo ya fahimta, sannan mu zaɓi kayan da za su isar da shi. Duk tulun da bai shiga zancen ba, komai kyansa, a ma'ajiya yake zama.

Abin da gidan ba shi da shi sai a aro, aro kuwa ba ya tafiya sai da takardu. Akwai yarjejeniya, akwai inshorar da ke aiki tun daga ɗauko abu har mayar da shi, akwai kuma rahoton da ake rubuta kowane tsagu da tabo a ciki kafin tafiya da bayan isowa. Nakan bi diddigin hannayen da abu ya ratsa, musamman idan ya bar ƙasarsa bayan 1970, shekarar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya. Akwati idan ya iso, mukan bar shi a rufe awa 24 domin abin da ke ciki ya saba da iskar ɗakin.

Haske ne ya fi ba ni tunani, saboda da shi ake gani, shi ne kuma yake cinye launi a hankali, launin da ya koɗe kuwa ya tafi ke nan. Saƙa da takarda da fatar da aka rina ba ma bari haskensu ya wuce luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), zanen fentin mai yana jure wajen 200, dutse da ƙarfe kuwa sun fi su juriya nesa. Shi ya sa mukan sauke zane saƙaƙƙe bayan kamar wata uku mu rataya wani. Baƙi sukan koka cewa ɗakin ya yi duhu, kuma ina jin kukansu, amma gara ido ya ɗan wahala da a ce rinin da ya shekara ɗari ya mutu a hannunmu. Danshi ma mukan riƙe shi kusa da kashi 50 cikin ɗari, domin yawan hawa da saukarsa ne ke tsaga itace.

Inda ba na sassautawa shi ne ɗan allon bayani. Ana rubuta sunan mai zane da manyan baƙaƙe, amma masaƙi da maƙeri da maginiyar tukwane sai a taƙaita su da sunan yanki da ƙarni, alhali sau da yawa bincike kaɗan zai fito da sunan. Idan mai sana'ar yana raye, nakan nemi ya zo ya duba yadda muka ajiye aikinsa, mu kuma sa kayan aikinsa a gefe tare da samfurin da aka yarda a taɓa, tunda abin da aka yi don hannu ba a gama fahimtarsa ta bayan gilashi.