Yadda na rabu da sigari a Aboabo

A saman buhunan albasa na shigo Kumasi, a ƙasar Ghana. Daga Galmi muka ɗauko kaya, muka ratsa Burkina, muka tsallaka iyaka a Paga, sai Bolga, Tamale, Techiman. A aljihuna akwai lambar wayar wani Alhaji ɗan garinmu, da kwalin sigari, da ashana. Shekarata goma sha ɗaya ke nan ina shan taba.

Alhaji ya sauke ni a gidansa da ke Aboabo, mu biyar a ɗaki guda, ya kuma sama mini aikin sauke kaya a kasuwar albasa ta Kwadaso. Harshe bai ba ni wuya ba, don a zango kowa yana jin Hausa, har Dagomba da Mosi, sai dai Hausar nan ce, wadda ko mace "ya zo" ake ce mata. Waken da suke kira waakye ma namu ne, sunan kawai ya ɗan karkace. Abin da ban shirya masa ba shi ne taba.

A gida, in muka zauna a fada muna dafa shayi, kara ɗaya yakan zagaya mutum uku, ba mai ɗaga kai. Nan kuwa sai ka yini a kasuwar Kejetia, inda ƙafa ba ta samun wurin takawa, da wuya ka ga mutum da sigari a baki. Kwanana biyu da zuwa na kunna a tashar trotro, wato motocin haya. Wata mai sayar da koko ta ja gefen zaninta ta toshe hanci, ta faɗi wata magana da Tonanci, harshen mutanen Asante, mutane suka juyo. Yaron mota ya matso ya ce, "Abokina, nan ba a yin haka." Daga baya na ji cewa dokar kiwon lafiya ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma ni idon mutane ya fi dokar kama ni.

Sai na koma ɓuya. Bayan isha'i, in 'yan ɗaki sun zauna hira a ƙofar gida, sai in sulale bakin kwata, cikin duhu da sauro, in zuƙa ina waige. A lokacin gani nake sigarin nan ita kaɗai ta san ni tun daga gida. In kewar matata da 'yata ta taso, ita nake nema. Ban lura ba cewa duk daren da na tafi bakin kwata, hira ce ta wuce ni, kuma a hirar nan ake jin inda aiki yake, a nan ake sanin mutum. Na yi wata shida a unguwar ina baƙo kamar jiya na sauka.

Wata rana bayan sallar asuba Alhaji ya riƙe hannuna, ya juya shi, ya daɗe yana duban yatsuna biyu da suka rine. Ya ce, "Ɗana, kuɗin da kake ƙonawa, naka ne ko na waɗanda ka baro?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, na kasa ne." Bai yi mini faɗa ba. Ya ce azumi ya kusa, in gwada.

Na gwada, na yi wata guda cur. Kwana uku bayan salla wani direba ya miƙo mini, na ce kara ɗaya ba zai yi komai ba. Kafin mako ya zagayo na koma sayen kwali.

Tari ne ya kai ni asibiti da hunturu, lokacin da buhu ɗaya ya fara sa ni haki. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ni 'yar zango ce, kuma ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana kai wa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu, amma bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, shi ya sa mai shan taba yake tashi da safe jiki na roƙo. Kwana ukun farko su ne mafi zafi, sannan abin ya riƙa sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Ta ce ƙishirwar tabar kuma takan taso ne ta yi 'yan mintoci ta kwanta, ko ka sha ko ba ka sha ba. Wannan maganar na riƙe hannu biyu.

Kwana ukun nan ba zan manta da su ba. Kai na sara, barci ya ƙaurace, na yi wa abokin aikina tsawa a kan igiya har sai da na je ba shi haƙuri. Wani dattijo ya kawo mini garin taba da kanwa, ya ce in riƙa sa wa a baki, samari kuma suka ce in koma shisha. Na ƙi duka, domin an riga an gaya mini nikotin ɗin ne ya canza riga. Asuwaki na kama, da goro. Daga dazukan ƙasar nan kakanninmu fatake suke samun goron da suke ɗauka daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, ga shi ni ma ya yi mini rana, ko da yake na rage shi da na ga yana hana ni barci. Bayan isha'i kuma na tilasta wa kaina zama a ƙofar gida tare da mutane, ko ba ni da abin cewa.

Na fi shekara biyu yanzu rabona da taba. Kuɗin taba nakan haɗa shi ƙarshen wata in aika gida. Amma abin bai mutu ba. Daren da aka bugo mini cewa jikin mahaifiyata ya tsananta, ni kuma ina nan babu halin tafiya, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni kantin da na saba ba. Mai kantin ta gane ni, har ta miƙa hannu wajen kwalin. Na tsaya da sidi biyu a tafin hannu, gumi ya jiƙa su. Na ce ta ba ni ruwan leda. Na sha a tsaye, na wuce masallaci na zauna a baranda, ina nan har Alhaji ya fito nemana da tocila.